Daga Ƙwan Kaza Zuwa Ɓera: Tarihin Binciken Ciwon Zuciyar da Ake Haihuwar Jarirai da Shi

A cikin kowane jarirai ɗari da ake haifa a duniya, kusan ɗaya yakan zo da matsala a ginin zuciyarsa. Idan aka tara, adadin ya haura jarirai miliyan ɗaya a shekara, kuma babu wata tawayar halitta da ta kai wannan yawa. Wani ɗan huji ne kawai a bangon da ya raba ɗakunan zuciya, wanda sau da yawa yakan toshe da kansa. Wani kuwa manyan jijiyoyinsa biyu ne suka yi musayar gurbi, ko ɓangaren hagu na zuciyar ya ƙi girma, ta yadda jariri zai iya rasuwa tun kafin ranar suna idan ba a kai masa ɗauki ba. Iyayen da suka yi jinyar irin waɗannan yara sun san alamun: jariri ya kama nono ya saki yana haki, goshinsa na tsatsafo da gumi, ba ya ƙiba, leɓensa da harshensa su yi duhu idan ya yi kuka.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne lokacin da matsalar ke faruwa. Zuciyar ɗan Adam tana fara bugawa kusan kwana 22 da shigar ciki, kuma gininta yana kammala wajen mako na takwas, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Likita ba shi da hanyar leƙawa ya ga inda ginin ya karkace, kuma babu mai imanin da zai yi gwaji a kan ɗan tayin mutum. Dole ta sa masana suka koma ga dabbobi. Kusan duk abin da ake ceton yara da shi a yau, an fara koyonsa ne a jikin wata halitta: ƙwan kaza, kare, ɗan rago, ƙuda, kifi da ɓera.

Ɗigon jini a kan gwaiduwa

Tarihin ya faro ne daga ƙwai. Sama da shekara 2,300 da suka wuce, masanin nan na ƙasar Girka, Aristotle, ya riƙa ɗauko ƙwan da kaza ke kwanci a kai yana fasawa, kullum yana duba abin da ya ƙaru. Bayan kwana uku sai ya ga wani ɗan ɗigon jini yana bugawa, ga siraran jijiyoyi jajaye suna miƙewa daga gare shi. Babu fiffike, babu ƙafa, babu baki, amma zuciya ta riga ta kama aiki.

Fahimtar yadda jini ke bi a cikinta ta ɗauki ƙarnoni. Galen, likitan zamanin Rumawa, ya koyar da cewa akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani a bangon da ya raba dama da hagu na zuciya, kuma aka riƙe maganarsa sama da shekara dubu. Ibn Nafis, likitan Sham da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya ƙaryata hakan a sharhin da ya yi wa littafin Ibn Sina. Ya ce bangon a toshe yake, dole jini ya bi ta huhu ya gauraya da iska kafin ya isa ɓangaren hagu. A 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa jini zagayawa yake yi, bayan ya duba zukatan dabbobi iri-iri, har da macizai da kwaɗi, waɗanda bugun zuciyarsu ke tafiya a hankali har ido ya iya bi. A 1651 ya fitar da wani littafin a kan yadda ɗan tayi ke girma, daga abin da ya gani a ƙwan kaza da kuma barewin gandun Sarki Charles na Ɗaya.

Da aka san yadda lafiyayyar zuciya take, sai aka iya siffanta marar lafiya. A 1888 likita Fallot na birnin Marseille a Faransa ya bayyana illoli huɗu da ke haɗuwa su sa jikin yaro ya yi shuɗi, manyansu su ne huji tsakanin ɗakunan ƙasa na zuciya da ƙuncin hanyar da ke kai jini huhu. A 1936 Maude Abbott ta Jami'ar McGill a Kanada ta wallafa kundin da ta gina a kan bayanan marasa lafiya 1,000. Sai dai duk wannan ilimi ne na bayan mutuwa. Likita zai iya faɗin sunan ciwon, amma ba shi da abin yi illa bai wa iyaye haƙuri.

Karnukan Baltimore

Wadda ta ƙi yarda a tsaya nan ita ce Helen Taussig, likitar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka. Ba ta ji sosai, don haka ta horar da yatsunta wajen tantance bugun zuciya a ƙirjin yara. Ta lura da wani abu: jariran da ke da ciwon Fallot sukan ɗan samu sauƙi muddin wata 'yar jijiya da ake haihuwar kowa da ita tana buɗe, domin tana zagayar da jini zuwa huhu. Da zarar ta rufe, sai jikinsu ya rikice. Sai ta tambayi likitan tiyata Alfred Blalock ko zai iya ƙirƙiro wa yaran irin wannan hanya.

Aikin ya faɗa hannun mataimakinsa, Vivien Thomas, baƙar fata, kafinta, wanda ya tara kuɗin karatun likita amma suka salwanta a karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929. Tun 1930 yake aiki da Blalock, kuma ya daɗe yana karɓar albashin mai shara alhali yana aikin ƙwararren mai bincike. Thomas ya shafe kusan shekara biyu yana aiki a kan karnuka wajen 200. Da farko sai da ya samo yadda zai haddasa wa kare ƙarancin iskar oksijin irin na yaran, sannan ya koyi gyarawa ta hanyar karkato jijiyar da ke kai jini hannu, ya ɗinke ta da wadda ke zuwa huhu. Babu allurai da matsai daidai jijiyar jariri a kasuwa, don haka da hannunsa ya ƙera su.

Ranar 29 ga Nuwamba, 1944, aka shigo da wata yarinya 'yar wata 15 ɗakin tiyata. Blalock ya riƙe wuƙa, Thomas kuwa ya hau wani ɗan benci a bayansa, yana leƙe ta kafaɗarsa, yana gaya masa inda zai sa kowane ɗinki. Yarinyar ta tashi daga aikin, ko da yake ba ta yi tsawon rai ba, amma yaran da suka biyo baya sun rayu, iyaye suka riƙa tururuwa daga ƙasashe da dama. Rahoton da aka buga a 1945 bai ambaci sunan Thomas ba. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Ita ma wata karya mai suna Anna, wadda ta yi shekaru a raye bayan an yi mata wannan aikin, an zana hotonta an rataye a asibitin.

Haka aka ci gaba. John Gibbon da matarsa Mary sun shafe shekaru suna gwada injin da zai riƙe aikin zuciya da huhu a kan kyanwoyi da karnuka, kafin ranar 6 ga Mayu, 1953, ya yi amfani da shi a Philadelphia ya rufe hujin zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18. Ita kuwa waccan 'yar jijiya da Taussig ta lura da ita, a jikin 'yan tayin tumaki aka gano sirrinta. A 1973 Flavio Coceani da Peter Olley na Toronto suka nuna cewa wani sinadarin jiki, furostagilandin, shi ke riƙe ta a buɗe. Cikin 'yan shekaru sinadarin ya zama maganin da ake ɗura wa jariri don ya rayu har a shirya masa tiyata, aka kuma samu maganin da ke rufe jijiyar ga bakwaini idan ta ƙi rufuwa.

Darasi mai ɗaci

Likitoci sun iya gyara, amma ba su san dalili ba. Haske na farko ya zo daga Ostireliya a 1941, inda likitan ido Norman Gregg na Sydney ya tattara bayanan jarirai 78 masu yanar ido, da yawansu kuma da ciwon zuciya. Ya gano cewa mafi yawan uwayen sun yi ƙyandar Jamus, wato rubela, a farkon cikinsu. Kafin nan an ɗauka mahaifa katanga ce da babu abin da ke ƙetare ta.

Sai kuma masifar talidomaid, maganin barci da tashin zuciya da aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa, wasu har da ta zuciya. Taussig da kanta ta tafi Jamus a 1962 ta ga yaran, ta dawo ta gargaɗi Amurkawa. Da aka koma ɗakin gwaji, sai aka ga ɓeraye ba sa nuna irin wannan nakasa, amma zomaye suna nunawa. Daga nan aka kafa ƙa'idar gwada sabon magani a kan nau'i biyu na dabbobi masu ciki, ɗaya ba daga dangin ɓera ba. Masana suka gane cewa dabba tana nuna hanya, amma ba kowace amsarta ce amsar ɗan Adam ba.

Komawa ga ƙwai

Domin neman asalin matsalar, masu bincike suka koma inda Aristotle ya fara, sai dai wannan karon da madubin ƙara girma. Akan ɗan fasa taga a ɓawon ƙwai, a yi aiki a kan ɗan tsakon da allura mai tsananin siranta, a liƙe tagar, a mayar da ƙwan cikin injin ƙyanƙyasa, bayan kwanaki a buɗe a ga sakamako. Ta haka aka bi matakan ginin: zuciya tana farawa a matsayin miƙaƙƙen bututu, ta lanƙwashe zuwa dama, sannan bangwaye su tsiro su raba ta ɗaki huɗu.

A 1969 Nicole Le Douarin ta Faransa ta lura cewa ƙwayoyin halittar tsuntsun salwa suna da wata alama da ta bambanta su da na kaza idan aka rina su. Sai ta riƙa yanko ɗan yanki daga ɗan tayin salwa ta dasa a na kaza, ta bi sawun inda ƙwayoyin suka tafi. Margaret Kirby ta jihar Georgia a Amurka ta ɗauki wannan dabara, kuma a 1983 ta ba da mamaki. Ta nuna cewa wasu ƙwayoyi da ke fitowa daga gefen lakar ɗan tayi, can wajen wuya, suna yin ƙaura su shiga zuciya, kuma su ke gina bangon da ke raba babbar jijiyar jiki da ta huhu. Da ta cire su, sai 'yan tsakin suka zo da jijiya guda maimakon biyu, daidai wani ciwo da likitoci suka sani a jarirai.

Wannan ya warware wani tsohon ƙulli. Tun 1965 likita Angelo DiGeorge na Philadelphia ya siffanta yaran da ke da raunin garkuwar jiki da ƙarancin kalsiyam a jini, waɗanda kuma ake yawan samu da ciwon zuciya da wata kama ta daban a fuska. Me ya haɗa waɗannan gaɓoɓi? Amsar ita ce duk daga yanki guda na ɗan tayi suke tsirowa, inda waɗancan ƙwayoyi masu ƙaura ke ratsawa. Daga baya aka gano yaran sun rasa wani ɗan guntu na kuromosom na 22, ɗaya daga cikin ƙunshin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, abin da ke samun kusan jariri ɗaya cikin 4,000. Guntun yana ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 30. A 1999 Antonio Baldini da abokan aikinsa a Houston suka goge makamancin guntun a jikin ɓera, aka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, har a 2001 ƙungiyoyi uku daban-daban suka nuna yatsa ga ƙwayar gado guda mai suna Tbx1.

Ƙuda marar zuciya

Babu wanda ya zaci ƙuda zai koyar da likitan yara wani abu. Ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace ba shi da ɗakunan zuciya, bututu ne kawai a gadon bayansa. A 1993 Rolf Bodmer na Jami'ar Michigan ya nuna cewa idan wata ƙwayar gado ta lalace, ƙudan ba ya yin zuciya sam. An raɗa mata suna tinman, sunan wani mutumin gwangwani marar zuciya a wani labarin yara na Amurka. A wannan shekarar masu bincike a Melbourne da Boston suka gano takwararta a jikin ɓera, Nkx2-5. A lokacin an riga an ƙware wajen kashe ƙwayar gado guda a jikin ɓera, dabarar da ta sama wa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies kyautar Nobel a 2007. Da aka kashe Nkx2-5 a 1995, bututun zuciyar ya samu, ya fara bugawa, amma ya kasa lanƙwasawa yadda ya kamata, 'yan tayin suka mutu a tsakiyar ciki.

A 1998 Christine da Jonathan Seidman na Jami'ar Harvard suka samu lahani a wannan ƙwayar gado a wasu iyalai da ke gadon hujin zuciya da matsalar bugunta daga kaka zuwa jika. Cikin shekara biyar ke nan aka taso daga ƙuda aka isa ga mutum. A 1997 an riga an gano TBX5 a ciwon da ke haɗa nakasar hannu da hujin zuciya, a 2003 kuma aka ƙara GATA4. Waɗannan ƙwayoyin gado kamar manyan magina suke a wurin gini: ba su ke ɗora bulo ba, su ke gaya wa ɗaruruwan leburori abin da za su yi da lokacin yinsa. Kowane mutum yana gadon kwafi biyu, na uba da na uwa, kuma gwajin ɓeraye ya nuna cewa rashin kwafi ɗaya kawai ya isa ya bar bango da huji.

Kifi da sirrin hagu da dama

A watan Disamba na 1996 mujallar kimiyya ta Development ta fitar da bugu na musamman mai maƙaloli 37, duk a kan wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa, ɗan asalin rafukan Indiya da Bangaladash. Ƙungiyar Christiane Nüsslein-Volhard a Tübingen ta Jamus da ta Wolfgang Driever da Mark Fishman a Boston sun haddasa sauye-sauyen gado a kifayen, suka duba dubban iyalansu. Amfanin wannan kifi a fili yake. Ɗan tayinsa garau yake, ana hango zuciyarsa tana bugawa kwana guda bayan an yi ƙwan, kuma saboda ƙanƙantarsa yana shan iska ta fata, don haka yakan yi kwanaki a raye ko da zuciyar ba ta aiki. An samu masu zuciya biyu, ɗaya a kowane gefe, da waɗanda tasu ba ta bugawa ko kaɗan, kowanne kuma ya kai masana ga wata ƙwayar gado.

Saura tambaya guda: ta yaya ɗan tayi ke sanin hagu daga dama? Tun 1959 aka san wani dangin ɓera da rabin 'ya'yansa ke zuwa da kayan ciki a juye. A 1998 Shigenori Nonaka da Nobutaka Hirokawa na Tokyo suka duba wani ɗan loko a jikin ɗan tayin ɓera mai kusan kwana takwas. Suka tarar da wasu siraran gashi, ɗaya a kan kowace ƙwayar halitta, suna juyawa suna kora ruwa zuwa hagu. A 2002 aka sa 'yan tayi a wata na'ura aka tura ruwan zuwa dama da ƙarfi, sai zukatansu suka lanƙwashe ta ɗaya gefen. Idan gashin bai motsa ba, jiki yakan rikita gefe, kuma daga nan wasu daga cikin mafi tsananin cututtukan zuciya ke fitowa.

A 2015 Cecilia Lo ta Pittsburgh ta nuna girman lamarin. Ƙungiyarta ta ɗauki hoton cikin 'yan tayin ɓera 87,355, ta samu dangi 218 masu ciwon zuciya, ta gano ƙwayoyin gado 61, kuma 34 daga cikinsu suna da alaƙa da waɗannan siraran gashi. Irin lahanin da ta nema shi ne wanda ba ya bayyana sai an gada daga uba da uwa duka, kamar yadda sikila take. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa haɗarin ya ɗan ƙaru a auren zumunci.

Inda aka kwana

Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa sau da yawa abubuwa ne ke taruwa. A 2019 Casey Gifford da Deepak Srivastava na San Francisco suka bi diddigin wani iyali da ciwon zuciya ya addabi 'ya'yansu. Uban yana ɗauke da ƙananan sauye-sauye biyu, uwar tana da ɗaya, yaran suka gaji duka ukun. Da aka dasa sauye-sauyen a jikin ɓeraye, waɗanda suka haɗa ukun ne suka nuna ciwon sosai. A 2017 kuma Sally Dunwoodie ta Sydney ta gano wasu iyalai da jikinsu ke kasa haɗa wani sinadari, ta nuna cewa bitamin B3 yana hana nakasar a ɓeraye masu irin lahanin. Wannan ya shafi masu wannan gadon ne, ba izini ba ne ga mai ciki ta sha magani ba da shawarar likita ba. An kuma tabbatar da cewa ciwon sugan da ba a kula da shi ba kafin ɗaukar ciki yana ninka haɗarin.

Har yanzu fiye da rabin yaran ba a iya faɗin takamaiman dalilin ciwonsu. Su ma dabbobin suna da haƙƙi, shi ya sa tun 1959 masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar a maye gurbin dabba idan zai yiwu, a rage yawanta, a kuma sauƙaƙa mata wahala. Yanzu ana iya ɗaukar ƙwayar fatar mutum a mayar da ita ƙwayar zuciya mai bugawa a faranti, bisa dabarar da Shinya Yamanaka na Japan ya ɓullo da ita.

A ƙasashe masu arziki, kusan tara cikin goma na waɗannan yara suna kaiwa girma. A Afirka kuwa mafi yawansu ba sa samun tiyata, duk da cewa tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu. Ilimin yana nan, isar da shi ne ya rage. Ya kamata hukumomi su tabbatar kowane yaro ya samu rigakafin rubela, su wadata asibitoci da na'urar auna iskar jini da ta hoton zuciya, su horar da likitocin tiyatar yara, su kuma tallafa wa jami'o'inmu su binciki gadon mutanenmu. Iyaye su ma su daina ɗora wa uwa laifi, domin sau da yawa wannan ciwo yana ƙulluwa ne tun kafin ta san tana da ciki. Duk jaririn da ke haki wajen shan nono, ko leɓensa ke yin duhu, a gaggauta kai shi asibiti, domin da yawa daga cikin waɗannan cututtuka suna gyaruwa idan an gano su da wuri.